Hannun Baba Bai Tashi Ba

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 5:20 na yamma

Littafin nan ragowar wata tsohuwar rajista ce ta wurin aiki. Na yage shafukan farko na mayar da shi nawa. Rabona da in rubuta abin da ke raina tun ina makarantar koyon jinya.

Yau Maman Tsigi, matar ƙanina Auta, ta kawo yarinyar asibitinmu. Sati biyar ke nan zazzaɓi yana zuwar mata da yamma ya sake ta da safe. An sha maganin zazzaɓin sauro har sau biyu, shiru. Shekararta huɗu, amma ma'auni ya ce uku. Likita ya duba ta, ya rubuta a yi mata gwajin fata na tarin fuka, wanda muke ce wa tibi, ya miƙo mini takardar bai kalle ni ba.

Shekara ashirin da tara ina sashen ƙirji. Hannun da na yi wa wannan allura ba zai ƙirgu ba. Ba ta shiga nama, a cikin fata take tsayawa, ta tada ɗan tudu kamar cizon sauro. Yau sai da na ja numfashi sau biyu kafin na soka.

Tsigi ta ce, “Gwaggo, kin cije ni. Sai na gaya wa mijina.”

Baba take nufi, mahaifinmu, kakanta. Tun tana rarrafe yake ce mata amaryarsa, ita kuma ta riƙe maganar da hannu biyu.

Na gaya wa uwarta abin da nake gaya wa kowa: kar a sosa, kar a shafa mai, kar a ɗaure. Wanka ba laifi. A dawo Alhamis da safe.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Ba a karanta hannun da aka yi wa allurar kafin kwana biyu. Ni na fi kowa sani.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Na biya ta gida daga wurin aiki. Har yanzu gida nake ce masa, ko da yake na fi shekara ashirin da biyar a nawa ɗakin.

Na tarar da Tsigi inda na san zan same ta, a cinyar Baba, tana riƙe masa murfin gwangwanin da yake zuba ƴan sukurorin agogo. Tun da ya bar shagonsa na ƙarƙashin bene, a ɗaki yake gyaran. Agogo uku ko huɗu a wata, na tsofaffin abokai, waɗanda ba su yarda waya ta gaya musu lokaci ba. Tagar a rufe kamar kullum, wai kar iska ta kwashe masa ƙananan kaya. Marigayiya Inna ta yi shekara arba'in tana buɗe tagar nan yana rufewa. Tun da ta rasu ba a sake samun mai ja da shi ba.

A wannan cinyar ni ma na zauna, wannan murfin na riƙe. Yakan maƙala ɗan madubin nan a ido ɗaya, ya ce, “Uwata, kar ki yi numfashi da ƙarfi, yanzu zuciyarsa a waje take.” Sai in kame kamar gunki har sai agogon ya ce tik.

Rigar Tsigi mai dogon hannu ce. Ban ɗaga ba.

Baba yana mura. Kowace shekara yana yi.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Sha huɗu.

Wadda ta koya mini aikin nan wata tsohuwa ce, Sista Gilashi muke ce mata, Allah ya jiƙanta. Ranar da na fara karanta hannu, na ga ja ya bazu kamar faɗin tafin hannu, na ɗora rula jiki na rawa na rubuta talatin. Ta fisge takardar ta keta a gaban mara lafiyar. Ta ce, “Ke ƴar nan, jan nan surutu ne kawai. Tauri muke nema. Rufe idonki.” Ta kama ɗan yatsana ta bi da shi kan fatar har na ji inda laushi ya ƙare, wani abu kamar maɓalli ya fara. Ta koya mini jan biro daga gefe a hankali har ya ci tura ya tsaya, a yi haka ta ɗaya gefen, sannan a auna tsakani, a kwance, ba a tsaye ba. Na mutumin nan huɗu ne kacal. Da na aika shi gida da ciwon da ba shi da shi.

Yau na rufe ido a kan hannun Tsigi, ina roƙon Allah ya sa surutu ne. Biro ya tsaya. Na sake, ya tsaya a wuri ɗaya. Na kira Doguwa, abokiyar aikina, na ce ta auna ba tare da na gaya mata nawa ba. Ta ce milimita sha huɗu.

Maman Tsigi ta ce, “Yaya, ai an yi mata rigakafi tana jaririya, ga tabon a kafaɗa. Ba shi ba ne?”

Na ce rigakafin yana iya ɗan tada hannu, amma ga zazzaɓi, ga rama, ba za mu fake da shi ba. Aka ɗauki hoton ƙirji. Akwai kaluluwa a ciki. Likita ya ce ba ta yi nisa ba, za a fara magani gobe, yara suna warkewa sarai.

Sannan ya ce, “Yaro ba ya sayo wannan ciwo, har gida ake kawo masa. Wa ke tari a gidan?”

Maman Tsigi ta ce babu kowa.

Ni ina neman murfin birona.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Tsigi ta kwatsa kuka don fitsarinta ya koma ja. Na manta ban gaya musu maganin ne ke sa haka ba. Ni da nake faɗa wa baƙi sau goma a rana.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 4:45 na yamma

Auta ya dawo daga hanya jiya. Babbar mota yake ja, kwana goma a waje, uku a gida, amma wannan karon ya ɗaga tafiya saboda yarinyar. Da safe suka zo shi da matarsa, Doguwa ta yi musu allurar. Ƙato guda, da ya ga allura sai ya juya fuska yana salati. Haka yake tun yana yaro. Ni na goye shi, na san inda jarumtarsa ta tsaya.

Ni ba a yi mini. Hannuna ya tashi tun shekarata ta biyu a aikin, kuma wanda ya taɓa tashi ba a sake wahalar da shi. Hoto aka ɗauke ni, ba komai.

Baba ya ce ba ya zuwa. Wai shi da asibiti sai dai kai gaisuwa. Na nemi izinin likita, na sa maganin a ƴar kular sanyi na kai masa har ɗaki. Ya naɗe hannun riga yana tsokanata: “Yau ga ranar karatun da aka sha wahala. Likita har gado.”

Fatar ta yi laushi kamar takardar da ta sha ruwa. Madaurin agogonsa ya matsa rami biyu, ya kuma huda sabo da kansa. Hudar ta yi kyau ƙwarai, ba mai gane ba daga kamfani ta zo ba.

Ya ce abinci ne ba ya masa daɗi. Tsufa ne.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 7:15 na safe

Auta ya turo mini hoton hannunsa a waya. Na ce masa ba a karantawa ta hoto. Amma ko a hoton na gani.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Auta: sha takwas, har da ƴar bororo a tsakiya.

Maman Tsigi: uku. Za a sake mata bayan sati takwas, don wani lokaci jiki bai gama gane baƙon ba.

Baba: sifili.

A tsakar gida na karanta nasa, kowa yana tsaye. Na rufe ido na shafa, na sake shafawa. Ko alamar inda allura ta shiga sai da na nema. Maman Tsigi ta ce alhamdulillahi da ƙarfi. Auta ya ce, “To, tsoho ya fi mu lafiya.” Ya yi dariya, ya ja hannun rigarsa ya rufe nasa.

Na yi musu bayani yadda na saba. Na ce tashin hannu yana nufin ƙwayar ta taɓa shiga jiki, shi ke nan. Tana iya kwanciya barci shekara talatin ba ta taɓa kowa ba, mai ita kuma ba ya shafa wa wani. Sai an ga hoto, sai an gwada kaki. Na ga bakina yana motsi, na ga ba mai ji. Idon Maman Tsigi yana kan hannun mijinta.

Bayanin yana da rabi na biyu. Shi ban yi ba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

An ɗaura wa kofin Auta jan zare. Cokalinsa da kwanonsa suna kan taga su kaɗai. An mayar masa da katifa ɗakin ƙofar gida, inda ake ajiye tsofaffin tayoyi.

Ban ga laifin Maman Tsigi ba. Uwa ce, tsoro ne ya cika ta, kuma tsoro sai ya sami inda zai sauke kayansa. Ta ja ni kicin ta ce, “Yaya, Allah kaɗai ya san inda suke kwana a hanyar nan, da wa suke cin abinci. Na sha gaya masa. Ga shi ya kwaso ya kawo wa ƴar da ba ta ci ba ba ta sha ba.”

Na ce ta bari hoto ya fito.

Ta ce ta hana Tsigi zuwa wajen ubanta. Don ta samu ta yi aiki, a ɗakin Baba take barin ta wuni.

Na shiga na buɗe tagar. Ƙarfen ya yi tsatsa, sai da na doka da tafin hannu. Baba ya ɗago ya dube ni ta saman madubinsa, ya daɗe. Bai ce in rufe ba. Na ɗauki Tsigi na ce mu je waje, magani ya fi aiki a iska.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Na tashi da tunanin shagon ƙarƙashin bene. Faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Agogunan bango goma sha, kowanne da nasa lokacin, sai guda ɗaya a tsakiya da ba a taɓa shi, shi ne mai gaskiya. In an tashi makaranta nakan biya can da Auta a bayana. Baba ya saya mana burodi ya tsaga biyu, ya auna da ido, ya ba ni ƙaramin don ni ce babba. Mai shayin da ke gefe yana ce masa Sarkin Lokaci, shi kuma ya ce, “Ina fa, ɗan aikensa dai.”

Ranar da sakamakona ya fito na samu makarantar jinya, rufe shagon ya yi da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Ya riƙe takardar ya bi layin shaguna ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai iya karatu ba ya karanta masa. Ya ce wa mai faci, “Daga yau in ciwo ya zo gidana, zai tarar da mai jiran ƙofa.”

Zan je in ɗora girki.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 3:00 na yamma

Hoton Auta fes. Huhu kamar na ɗan shekara ashirin. An ba shi kwalbar kaki ya yi ta ƙoƙari har idonsa ya kawo ruwa, babu abin da ya fito sai yawu. Likita ya ce ƙwayar tasa barci take, zai sha maganin kariya na wata uku. Ba shi ba ne.

Likita ya sake cewa, “To wa ya rage?”

Na ce hannun tsohon bai tashi ba.

Ya cire gilashinsa ya ce, “Sista.” Iyakar abin da ya ce ke nan.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Na bi Auta garejin da suke ajiye motoci. Na same shi a ƙarƙashin tasa da sifana. Muka zauna a kan wani benci, inuwar tirela ta rufe mu.

Na yi masa rabin bayanin da na riƙe. Na ce gwajin nan tambaya ce ake yi wa jiki, ko ka san wannan baƙon? Jiki mai ƙarfi ya amsa da kumburi. Amma in mutum ya tsufa, ko ya rame, ko ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa, sai jikin ya kasa ko amsawa. Sifili ba kullum yake nufin babu ba.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ya ce, “Tun kafin sanyi nake jin tarin Baba ta bango. Na ɗauka kin sani. Na ce in da wani abu ne ai Yaya za ta faɗa.”

Na kau da kai na dubi tayar tirela.

Ya ce, “Ki bar shi a kaina.”

Na ce me?

“Ki bar su su ce ni ne. Ni fa ina hanya kullum, kofi da jan zare bai dame ni ba. Kin san yadda yake ji da yarinyar nan. In ya ji daga ƙirjinsa ta fito, wallahi ba tarin ne zai kashe shi ba. Ki saka masa maganin a shayi, ki ce na ƙarin jini ne.”

Na ce ƙwaya huɗu ce manya-manya, kullum, wata shida, kuma sai an gwada an rubuta. Ba a sata a sha.

Ya ce, “Ke kika iya.” Ya koma ƙarƙashin motarsa. Ina ganin ƙafafunsa, amma ban ji ƙarar sifana ba.

Yaron da ya taɓa fasa gilashin agogon bango ya ce ni ce, har aka hana ni fita kwana uku. Yau shi ne yake roƙon a ba shi laifi.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 6:40 na yamma

Na kwashe wankin Baba na tafi da shi gidana. Hankici biyu na same su a cikin rigar matashi, da ɗigon jini. Na wanke su daban.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Doguwa ta rufe ƙofar ofis ta jingina da ita. Shekara ashirin muna raba tebur ɗaya, ita ta riƙe ni ranar da Inna ta rasu.

Ta ce, “Da wata ce ta zo miki da wannan labarin, tsoho mai shekara saba'in da takwas, ga rama, ga tari, ga jika a cinya, me za ki ce mata?”

Na ce mura ce yake yi kowace shekara.

Ta ce, “Ni za ki gaya wa? Kin tuna matar nan mai kitso da ta ɓoye mijinta wata huɗu, irin faɗan da kika yi mata har ta yi kuka?”

Na tuna. Na tuna har kalar mayafinta. Na ce mata son da ke ɓoye ciwo ba so ba ne. Da bakin nan na faɗa, ina tsaye, ina ji da kaina. Ban san ko tana raye ba. Da zan gan ta da na ba ta haƙuri.

Doguwa ta ajiye kwalbar kaki a gabana, sabuwa a ledarta. Ta ce, “In ba za ki iya ba, ni zan je. Amma ya fi son ya ji daga gare ki.”

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Na je da kwalbar a jaka. Na dawo da ita a jaka.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Na sami Baba shi kaɗai. Tagar a buɗe, ya danne ƴan kayansa da faranti. Tsigi tana tsakar gida. Maman Tsigi ta ce tun jiya ya ce kar a sake shigar masa da ita, wai yana aiki mai wuya. Ba agogo ko ɗaya a gabansa.

Na gaishe shi na zauna a bakin gado ina gyara zanen da ba ya bukatar gyara.

Ya ce, “Uwata, tun jiya jakar nan take miki nauyi. Fito da shi.”

Na ce da me, Baba?

Ya ce, “Ni na haife ki. Ranar da kika shafa hannuna kowa yana hamdala, ni fuskarki nake kallo. Ba haka mai albishir yake yi ba. In an kawo mini agogo na kaɗa shi a kunne ban ji komai ba, ba na ce wa mai shi lafiya lau ne.”

Na fito da kwalbar. Shi ya cire ledar.

Ya ce, “Tambaya ɗaya. Ki ba ni amsar da kike ba mutane, ba wadda kike ba ubanki ba. Amaryata, daga wajena ne?”

Na ce sai gwaji ya fito.

“Uwata.”

Na ce eh, Baba. Ina jin daga nan ne.

Ya gyaɗa kai. Ya juya ya dubi bango, inda hoton Inna yake. Can ya ce, “Kuma kuka bar yaron nan yana kwana cikin tayoyi.”

Na ce laifina ne. Na ce na daɗe ina jin tarin. Na ce aikina ke nan, abin da ake biyana in gani ke nan, na gani na kau da kai. Ban san sadda na zame ƙasa ba.

Ya ɗora hannu a kaina ya ce, “Wanzami ba ya son jarfa. Tashi. Ni ma ai na gani, na ɓoye a matashi. In rabon laifi za a yi, ni ne babba, ni zan ɗauki babban.”

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 8:10 na safe

Na kai kwalbar ɗakin gwaji da kaina. Mai gwajin ya karanta sunan ya dube ni, na ce masa ya yi aikinsa.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 11:40 na safe

Akwai ƙwayar. Amma irin wadda ke jin magani ce. Na shiga banɗakin ma'aikata na kunna famfo.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 6:15 na yamma

Baba ya sa an fitar masa da kujera tsakar gida. Ya saka takunkumin da na ba shi, ya sa hula sabuwa kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya ce a kira masa Auta da matarsa. Maman Tsigi ta durƙusa can nesa, kanta a ƙasa. Shekara shida a gidan, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba.

Ya ce, “Ƴata, ki kwance zaren nan daga kofin mijinki. Ciwon daga ɗakina ya fito. Amana kika riƙa kawo mini, ni kuma ga abin da na ba ta. Ki yafe mini.”

Ta dafe kai. Sai kuka. Tana cewa, “Baba, ni nake kawo ta. Ni nake turo ta ciki in ja ƙofa.” Ta juya wajen Auta. Shi kuwa sai sosa ƙeya yake, yana cewa ai ɗakin tayoyin ma ya fi iska, shi ya saba. Ta ce masa ya yi shiru don Allah. Da kanta ta je ta kinkimo katifar, ya tashi zai karɓa, suka tsaya suna ja.

Na gaya musu sauran: taga a buɗe, Baba shi kaɗai a ɗakinsa, Tsigi ba za ta shiga ba sai likita ya ce. Kwano da cokali ba ruwansu, a iska ƙwayar take tafiya. In ya riƙe magani, nan da ƴan makonni ba zai shafa wa kowa ba.

Tsigi ta tsaya jikin tagar ta waje, ta ɗaga dunduniya ta ce, “Mijina, ka sake ni ne?”

Ya ce, “Wane ni! Yaji dai na yi. Sai kin zo biko.”

Ta ce ita ba ta san hanya ba. Muka yi dariya dukanmu, har Maman Tsigi da hawaye a fuska. Dariyar ta tada masa tari, ya daɗe bai tsaya ba. Yau ba wanda ya kau da kai.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Auta ya kawo Baba da safe. Ya ƙi a shigar da shi ta ƙofar ma'aikata, ya zauna a benci cikin layi, ya ce wa na kusa da shi, “Waccan mai rular ƴata ce.” Kilo arba'in da shida. Hoton bai yi kyau ba ta saman dama. Likita ya ce shekaru sun ja, za a riƙa duba hanta da ido, amma ya ga waɗanda suka fi haka sun tashi. Ya haɗiye ƙwayoyin farko a gabana, ɗaya bayan ɗaya, ya ce ko dutse ne ai da sun ɗan fasa.

Da aka zo rajista Doguwa ta jawo littafin gabanta ta ce, “Kawo, ni zan rubuta.”

Na ce ta bari.

Lamba. Kwanan wata. Sai suna. Na tsaya da biro a sama. Tun ina aji ɗaya nake rubuta sunan nan, a bangon littafi, a takardar jarrabawa, a katin aiki, amma kullum a bayan nawa yake zuwa. Yau ne karo na farko da na rubuta shi shi kaɗai, a farkon layi.

A ƙarshen layin akwai gurbin wanda zai tsaya wa mara lafiya, ya ga ya sha magani kullum har wata shida. Doguwa ta ce ko a sa Maman Tsigi, tunda ita ce a gidan.

Na rubuta nawa. Sunan Baba ya sake fitowa a bayan nawa.

Gobe ƙarfe shida da rabi na safe, kafin ya karya.